Ƙungiyar tallafa wa masu ciwon daji na buƙatar amintattu masu zama su yi aiki

Ni akanta ne, kuma ina cikin kwamitin amintattu na wata ƙaramar ƙungiya mai tallafa wa masu ciwon daji a Arewa. Abin da littattafan kuɗin irin waɗannan ƙungiyoyi ke nunawa shi ne masu tausayi suna da yawa a cikinmu, amma masu zama su tsare amanar abin da aka tara sun yi ƙaranci. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 sama da mutum 127,000 ne suka kamu da cutar a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu, sankarar mama ce kan gaba. Akasarin marasa lafiyarmu sai ciwo ya ci jiki suke isa asibiti, bayan an gama zagaye wajen masu magani an kashe ɗan abin hannu. Don haka nake kira ga lauyoyi, akantoci, malaman jinya, malaman addini da 'yan kasuwa da su karɓi kujerar amintacce idan an miƙa musu, su kuma riƙe ta a matsayin aiki.

Dalilin yana cikin yadda ake jinyar cutar. Allurar kemo galibi duk mako uku ake yin ta, zagaye shida zuwa takwas, kuma kafin kowane zagaye sai an gwada jini, wani lokaci har a yi ƙarin jini. Gashin ciwon da na'ura kuwa Litinin zuwa Juma'a ake yi har tsawon makonni, injinansa kuma kaɗan ne, a garuruwa irin su Zariya, Sakkwato da Abuja. Matar da ta taso daga ƙauye tana buƙatar kuɗin mota, masauki, abinci da mai jinya. Kuɗin da ake tarawa bayan an yaɗa hoton maras lafiya a Facebook kamar ruwan bazara yake, ya zuba sau ɗaya ya ɗauke, sai magani ya tsaya a zagaye na uku, ciwon da ya fara lafawa ya dawo. Kwamitin amintattu ne ke hana wannan. Shi ke ƙayyade mutum nawa ƙungiya za ta iya ɗauka har ƙarshen jinya, ya ware kuɗinsu tun daga farko, ya sa a biya asibiti kai tsaye a karɓo rasit, ya tabbatar sai da sa hannun mutum biyu kuɗi ke fita, ya kuma rubuta ƙa'idar zaɓen wanda za a taimaka don kada abin ya koma na 'yan uwa da 'yan unguwa. Shi ne kuma zai hana a fitar da hoton baiwar Allah ba da izininta ba.

Wasu kan ce su ba likitoci ba ne, me za su tsinana? Likita yana da nasa fagen, amma dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗora wa amintattu yi wa ƙungiya rajista a hukumar CAC da miƙa rahoto duk shekara, wannan kuwa aikin lauya da akanta ne. Shawo kan magidanci ya bar matarsa a yi mata tiyata, ko ya bar 'yarsa ta karɓi rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, liman da mai unguwa sun fi likita iya shi. Wasu kuma kan ce nauyin gwamnati ne. Gaskiya ne, kuma akwai asusun tarayya na tallafin jinyar sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Sai dai kafin mutum ya kai ga asusun, dole sai an yanki tsoka an gwada an tabbatar da cutar, ya kuma isa asibitin da ke cikin shirin. A wannan tsakanin ake rasa mutane, kuma nan ne ƙaramar ƙungiya ke da amfani.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne mai cewa aikin Allah ba ya buƙatar bincike, neman rasit zargi ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Baƙara, magana ce a kan rubuta bashi da kafa shaidu. Mutum na da damar ɓoye sadakar da ya fitar daga aljihunsa, amma dukiyar jama'a da aka damƙa masa sai da lissafi a fili. Lissafin nan yana kare mutuncin wanda ya kafa ƙungiya daga tsegumi, yana kuma sa mai bayarwa ya sake bayarwa baɗi.

Duk wanda aka gayyata, kafin ya amsa ya nemi ganin takardar rajista, kundin tsarin ƙungiya da bayanan banki na shekarar da ta wuce. Ya tambayi sau nawa kwamiti ke zama, da mutum nawa cikin waɗanda aka ɗauka suka kammala magani. Idan zai iya ba da 'yan sa'o'i a wata, ya karanta takardu kafin zama, ya iya cewa a'a ko da shugaban abokinsa ne, to ya karɓa. Idan sunansa kawai ake so a kan takarda, ya bar kujerar ga wanda zai zauna a kanta.