Yadda Ake Tausasa Wandon Jins a Gida

Jama'a, wandon jins ya zama tufar yau da kullum. Ɗalibi na sa shi, direba na sa shi, haka ma makaniki da magini. Sai dai sau da yawa mutum yakan sayo sabo ya tarar ya yi tauri, yana gurje masa ƙugu da bayan gwiwa, har ya kasa durƙusawa da kyau. Daga nan wasu sukan jefar da shi a ƙasan akwati, wasu kuma su ɓata shi da magunguna masu ƙarfi. Duka biyun asara ce. Wanda ya san dalilin taurin ba zai sha wahalar maganinsa ba.

Me ke kawo taurin?

Tun asali wannan wando na aikin ƙarfi ne. A shekarar 1873 wani tela mai suna Jacob Davis da ɗan kasuwa Levi Strauss suka yi rajistar dabarar kafa 'yan ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihu a ƙasar Amurka, don kada wandon leburori ya yage. Saboda haka aka zaɓi yadin auduga mai kauri, aka matse saƙarsa. Kafin a ɗora zaren tsaye a kan injin saƙa, sai an shafe shi da sitati don kada ya tsinke. Wannan sitatin da ya bushe a jikin zare shi ne babban abin da ke sa sabon wando ya sandare.

Tsohon wando ma yakan yi tauri, amma dalilinsa daban ne. Sabulu ne da ba a ɗauraye sosai ba, ko ruwan rijiya da na burtsatse mai yawan sinadarin ƙasa, ko kuma shanya a rana mai zafi da iskar hunturu har yadin ya ƙeƙashe.

A lura da rini

Launin jins na shuni ne, irin launin da marinan Ƙofar Mata a Kano suke samu daga baba, ko da yake masana'antu yanzu da na kimiyya suke aiki. Halin shuni shi ne yana zama a bayan zare, ba ya ratsa cikinsa. Duba cikin wandonka, za ka ga ya fi wajen haske, domin zaren tsaye kaɗai aka rina, na kwance fari ne. Shi ya sa duk wanki mai tsanani yake kwashe launi. Sai a juya wando ciki waje kafin ya taɓa ruwa, kuma kada a haɗa shi da fararen kaya.

Matakan aiki

Na farko, a zuba ruwa mai ɗumi a baho, ba tafasasshe ba. A rufe zif, a juya wandon, a nutsar da shi ya jiƙa kamar awa ɗaya. Ruwan zai yi shuɗi-shuɗi da ɗan yauƙi. Sitati ne da ragowar rini suke fita. A zubar.

Na biyu, a wanke da sabulu kaɗan, ana murzawa da hannu a ƙugu, da gwiwa, da wuraren da ɗinki ya yi kauri. Kada a dirje da buroshi, domin yakan bar farin zane da ba ya gyaruwa.

Na uku, ɗauraya. A nan mutane da yawa suke kuskure. A ɗauraye har sai ruwa ya daina kumfa. A ruwa na ƙarshe a zuba rabin kofi na farin ruwan khal a bokiti guda, a bar wandon a ciki minti 30. Tsaminsa yana narkar da ragowar sabulu da ƙasar ruwa. Warinsa kuwa yana tafiya idan kaya sun bushe.

Na huɗu, a matse a hankali ba tare da murɗewa ba, a karkaɗe shi da ƙarfi, a shanya a inuwa inda iska ke wucewa. A ɗauke shi da sauran 'yar lema, a naɗe shi tamau, a murza, a buga a kan tabarma mai tsabta, a warware a sake naɗewa. Wannan motsi yana sakin zaren. Bayan haka sai a sa shi a yi ta zirga-zirga, don babu abin da ke tausasa jins kamar yawan sawa. Mai kauri sosai yakan so a maimaita aikin sau biyu ko uku. Sannu ba ta hana zuwa.

Abubuwan da za a kiyaye

Kada a yi amfani da bilic don neman laushi. Yana cinye launi, yana raunana zare. Mafi muhimmanci, kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal, domin haɗin yana fitar da iska mai guba da ke cutar da ido da huhu. A faɗa wa yara da masu taya wanki wannan magana.

Kada a jiƙa jins da kanwa mai yawa, kuma a gaya wa mai wanki da guga kada ya sa masa sitati irin na shadda. Wandon da aka haɗa da zaren roba, wato mai talewa, ba ya son ruwan zafi ko dutsen guga mai zafi ƙwarai. Robar takan mutu, gwiwa ta yi jaka. Sannan audugar da ba a taɓa wankewa ba takan ɗan tsuke, don haka kada a kai wa tela ya rage tsawo sai bayan wankin farko.

Duk abin da ake buƙata dai ruwa ne, da sabulu kaɗan, da ruwan khal, da hannu, da haƙuri. Wanda ya bi waɗannan matakai zai mori wandonsa shekaru, kuɗinsa kuma ba su tafi a banza ba. Wanda ya karanta ya sanar da wanda bai karanta ba. Allah ya sa mu dace.