Darasi: Yadda Muka Koya wa Kyanwa Zana Murabba'i

 

Ƴan uwa ɗalibai, bana mun fara koyon shirya manhajar kwamfuta da wani dandali mai suna Scratch. Masana a jami'ar MIT ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick, aka fito da shi a 2007. Kyauta ne, ana iya sauke shi a yi aiki ba tare da intanet ba, kuma akwai shi da Faransanci da Larabci.

A Scratch ba a rubuta dogayen umarni. Tubala ne masu launi, a jawo su a haɗa kamar mai gini yana jera bulo. Shuɗi na motsi ne, rawaya na abin da ke tada aiki, ruwan lemo kuma na maimaitawa da sharaɗi. Can gefe akwai fili inda wata kyanwa ke tsaye tana jiran umarni.

To, ga aikin. Da farko a ƙaro tubalan alƙalami daga maɓallin da ke ƙasa ta hagu. Sannan a jera kamar haka:

1. Idan an danna koriyar tuta.
2. Sauke alƙalami.
3. Maimaita sau 4, a cikinsa a sa: yi taku 100, juya digiri 90.

Mu kam ranar farko ba mu samu murabba'i ba. Mun manta mun bar 15 ɗin da ke cikin tubalin juyi tun asali, sai kyanwa ta ja mana wani lanƙwasasshen layi. Muka ce ai na'urar ce ta lalace. Malam ya yi dariya ya ce mu sake karanta tubalanmu ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda muke bin allo in an yi ɓata a karatu. Nan muka gano laifin namu ne. Kwamfuta ba ta san niyya ba, abin da aka jera mata shi take bi.

Da muka zo kan siffa mai kusurwa uku, yawancinmu 60 muka sa, ba ta rufe ba. Ashe dole kyanwa ta juya digiri 360 kafin ta komo yadda ta fara. Don haka a raba 360 da yawan gefuna: uku 120, huɗu 90, shida 60. Ku gwada na biyar da kanku.

Wannan jerin matakai shi ake kira algoritim. Kalmar ta samo asali daga sunan Muhammad ɗan Musa al-Khawarizmi, masanin lissafi da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9. Kun ga ilimin ba baƙonmu ba ne.

Kwamfutarmu ɗaya ce, kuran ma ba kullum ba. Shi ya sa muke fara jera tubalan a takarda, in layi ya zo kanmu mu gwada. Wanda nasa ya ƙi, kada ya goge duka, ya nemo tubalin da ya kauce ya gyara.