Hukuncin Tuƙi Cikin Maye a Ingila da Kuɗin Inshorar Motarka

Aikina dillancin inshorar mota ne a Ingila, kuma 'yan uwanmu da yawa, ɗalibai da masu aikin kai kaya gidaje, suna zuwa wurina bayan aikin gama ya gama. Sun ɗauka da zarar wa'adin hana tuƙi da kotu ta yanke ya cika, magana ta ƙare. A wurin kamfanin inshora kuwa, lokacin ne za a fara lissafi.

Ƙa'idar Ingila ita ce maikurogiram 35 na barasa a mililita 100 na numfashi. Sikotland ta rage tata zuwa 22 tun Disambar 2014. Wanda ya haura, mafi ƙarancin hukuncinsa hana tuƙi na wata 12, ko shekara 3 idan ya maimaita cikin shekara 10. Sannan a saka wa lasisinsa lambar DR10, wadda ke zama shekara 11. Shekara 5 na farko, duk kamfanin da ya tambaye ka dole ka faɗa. Wasu kamfanonin nan take za su ƙi ka, waɗanda suka karɓe ka kuma su tsuga maka kuɗi. Na sha ganin magidanci ya zura wa farashin ido a kwamfuta, ya sunkuyar da kai, ya ce gara ya sayar da motar, alhali da ita yake ciyar da iyalinsa.

Daga nan shaiɗan ke raɗa wa mutum ya ɓoye. Don Allah kada ka yi. Wata dokar inshora ta 2012 ta ba kamfani damar soke inshorar wanda ya yi ƙarya da gangan, ya kuma riƙe kuɗin da aka biya. Yin inshorar da sunan maiɗakinka, alhali kai ne ke tuƙin kullum, shi ma zamba ce, kuma ita kake jefawa cikin rigima. Idan kuwa ka yi hatsari cikin maye, kamfani zai biya wanda ka buge, amma yana iya dawowa ya bi ka kuɗin, gyaran taka motar kuma ya bar maka.

Wani zai ce shi bai taɓa kai giya bakinsa ba. Madalla. Amma tun Maris 2015 doka ta ƙayyade ma'aunin ƙwayoyi a jini, har da wiwi da wasu magungunan asibiti, lambar laifin kuma DG10, ita ma shekara 11. Mai shan tiramadol ko kodin ba bisa umarnin likita ba ya kiyaye.

Wanda ƙaddara ta riga ta faɗa masa kan tuƙi cikin mayen barasa, idan kotu ta yi masa tayin kwas ɗin gyaran hali a ranar hukunci, ya karɓa. Yana rage wa'adin hana tuƙi har zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma wasu kamfanonin suna duba takardar kammalawa kafin su yanka farashi.