Daga Bola Zuwa Gidan Tarihi: Darasi Kan Ruɓewa Da Fasahar Sarrafa Shara

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya lura da daji zai ga babu juji a cikinsa. Ganye ya faɗi, gara da tana su gutsuttsura shi, sannan bakteriya da funfuna su ƙarasa aikin, ya koma taki, tsirrai su sha. Wannan shi ake kira ruɓewa, kuma da shi ne ƙasa ke sabunta ƙarfinta. To amma ɗan'adam ya ƙago abubuwan da suka gagari waɗannan ƙananan halittu. A wannan darasi za mu duba dalilin haka, da kuma yadda wasu masu fasaha suka ci moriyar abin.

Me Ya Hana Su Ruɓewa?

Ƙwayoyin halitta suna narka abu ne da wasu sinadarai da suke fitarwa daga jikinsu, kuma kowane sinadari da irin abin da yake iya warwarewa, tamkar ɗan makulli da kwaɗonsa. Leda da roba, waɗanda ake yi daga man fetur, sabon abu ne a duniya, saboda haka 'yan makullinsu sun yi ƙaranci. A 2016 masana a Japan suka ba da labarin wata bakteriya mai cin irin robar da ake yin gorar ruwa da ita, sai dai cin nata a hankali ne ƙwarai. Shi kuwa alminiyon, da zarar iska ta taɓa shi sai wata 'yar fata ta rufe shi, ta kare shi daga irin cin da tsatsa ke yi wa baƙin ƙarfe.

Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta cewa kashi 9 cikin 100 kacal na sharar robar da duniya ta tara zuwa 2015 aka sake sarrafawa. Illar saura kuwa a ƙofar gidanmu take: kwata ta toshe, sauro ya hayayyafa, tumaki su haɗiyi leda su rame.

Masu Fasaha Biyu

El Anatsui ɗan Ghana ne, an haife shi a 1944, ya fara koyarwa a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka a 1975. A ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhun murafun kwalaben barasa da aka yar. Shi da mataimakansa sukan buɗe murafun, su daddaƙe su, su huda, su ɗinke dubbai da wayar jan ƙarfe, har su zama wani makeken mayafi mai ƙyalli da ake ratayawa a bango. A 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinariya a bikin baje kolin fasaha na birnin Venis a Italiya. Ku lura: rashin ruɓewar da ya mai da murfin matsala a juji, shi ne ya sa aikin ke daɗewa.

Na biyu shi ne Romuald Hazoumè na Jamhuriyar Benin, wanda aka haifa a 1962. Yakan yi fuskoki da jarkokin da ake fasa-ƙwaurin fetur da su daga Nijeriya, mariƙin jarka ya zama hanci, bakinta ya zama baki. A 2007 Gidan Tarihin Birtaniya da ke Landan ya baje wani aikinsa na jarkoki 304, an jera su yadda ake jera bayi a jirgin ruwa.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Da gwangwanin madara ake ƙera aci-balbal, da tsohuwar taya ake yanka takalmi, da tub ake ɗinka guga, maƙera kuma na narka tarkacen alminiyon su zuba tukwane. Sake narka alminiyon na cin kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen tace sabo daga ma'adini.

Duk da haka, kada mu ruɗi kanmu. Abin da masu fasaha ke kwashewa cikin cokali ne idan aka gwada da tulin da ake zubarwa kullum. Babban amfanin aikinsu shi ne jawo hankali, rage sharar kuwa aikin kowa ne.

Gwaji

1. Ku haƙa ramuka 4 masu zurfin santimita 15.
2. Ku binne ɓawon ayaba, da takarda, da leda, da gwangwanin lemo na alminiyon, kowanne a raminsa.
3. Ku riƙa yayyafa ruwa daidai wa daida har mako 6, sannan ku tone ku rubuta abin da kuka gani.
4. Abin da ya ƙi ruɓewa, ku wanke shi, ku haɗa da irinsa, ku ƙera wani abu mai amfani ko ban sha'awa.

Malamai su kula: kada a taɓa mazubin maganin ƙwari, ko tsohon batir, ko sharar asibiti, kuma kada a ƙona leda, domin hayaƙinta guba ne.

Tambaya

Da a ce funfuna na cin alminiyon, me zai sami aikin El Anatsui, me kuma zai sami tukwanen gidajenmu?