Yadda Ake Jinyar Ɗan Aksolotul Da Ya Ƙi Cin Abinci

Aksolotul dangin kwaɗo ne, amma shi ba ya barin ruwa har ya mutu. Yana da ƙafa huɗu da doguwar wutsiya, ga kuma geza mai reshe uku a kowane gefen kansa, wadda da ita yake numfashi. Asalinsa magudanan ruwan Sochimilko ne a kudancin birnin Meziko, wurin da ke da tudu sama da mita 2,200, inda ruwa ke da sanyi duk shekara. A can ya kusa ƙarewa. Ƙidayar da aka yi a 1998 ta samu kimanin 6,000 a kowace murabba'in kilomita, ta 2014 kuwa 36 kacal ta samu. A tankunan gilashi na gidajen mutane ne ya yawaita, tun bayan da aka kai wasu birnin Faris a 1864 suka hayayyafa.

Babban aksolotul yakan yi mako guda ko biyu bai ci komai ba, ya kuma kwana lafiya. Ƙaramin da bai wuce santimita uku ko huɗu ba kuwa ba shi da kitsen da zai riƙe shi, kwana kaɗan ya isa ya rame ya mutu. Shi ya sa ran da ɗan ya kau da kai daga abinci, ranar ce jinya take farawa. Kuma mafi yawan lokaci laifin yana cikin ruwan da yake zaune, don haka ta nan ake farawa.

Abu na farko, mai kiwo ya ɗauko ma'aunin zafi. Aksolotul ya fi jin daɗin ruwa mai digiri 16 zuwa 18. Da ruwan ya haura 20 sai ya fara takura, in ya daɗe a 24 ko sama, cin abinci ya tsaya, cuta ta samu ƙofa. Ga wanda ke kiwonsa a Kano ko Maraɗi, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, wannan ne babban aiki, kuma wanda ba shi da na'urar sanyaya ruwa da wuta mai tsayawa gara ya haƙura da kiwon tun farko. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri biyu ko uku. Robar ruwa da aka daskarar tana taimakawa na ɗan lokaci, amma a yi hattara, domin hawa da saukar zafi farat ɗaya ma wahala ce a kansa.

Daga nan sai a auna ruwan kansa da kayan awo na ɗigo, irin da masu sayar da kifin ado ke da su. Amoniya ta zama sifili, naitirait ma sifili, naitiret kuma kada ta wuce 20 a ma'aunin. Amoniya daga kashin dabbar da ragowar abinci take fitowa, kuma a tankin da ya nuna, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a matatar ruwa ne ke cinye ta. Sabon tanki ba shi da su, sai ya yi makonni huɗu zuwa takwas kafin su kafu. Nan ne sababbin masu kiwo suka fi faɗawa: su sayo tanki da safe, su zuba 'ya'yan da yamma, bayan mako guda gezar ta fara zaizayewa, fata ta yi ja, abinci ya gagara.

Jikin dabbar yana nuna halin da take ciki ga mai lura. Lafiyayyen ɗa gezarsa a buɗe take, ta kwanta baya, gashinta cike. Wanda ya takura sai ka ga gezar ta lanƙwaso gaba kamar za ta taɓa ido, ƙarshen wutsiya ya murɗe, yana yawan tasowa saman ruwa. Ƙananan kuma fatarsu sirara ce, har ana hango cikinsu. Ɗan da ya ƙoshi da jatan landen gishiri, abincin da ake ba ƙanana, cikinsa yakan yi ruwan lemo, wanda bai ci ba kuwa cikin fayau yake, ya fi kansa siranta.

In ma'auni ya nuna matsala, ko ma ana shakka, sai a ware maras lafiyar. A samo roba mai tsabta irin ta ajiye abinci, wadda sabulu bai taɓa ba, a huda murfinta, a zuba ruwan da aka kashe wa kulorin da maganin da ake sayarwa don haka. Maganin ya zama wanda ba shi da alobera a ciki. Zafin sabon ruwan ya yi daidai da na tsohon. A ɗebo ɗan da ƙaramin kofi tare da ruwansa, kada a kama shi da hannu, domin majinar da ke lulluɓe da fatarsa ita ce garkuwarsa. A ajiye robar a wuri mai sanyi da duhu, tunda aksolotul ba shi da fatar ido kuma haske yana damunsa. Kullum a canza ruwan gaba ɗaya. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce roba biyu, ɗaya yana ciki, ɗaya tana jira da ruwan gobe.

Warewar tana da wani amfani. 'Ya'yan aksolotul suna cizon junansu, babba ya gutsure wa ƙarami ƙafa ko geza. Ƙafar za ta sake tsirowa cikin makonni, wannan baiwa ce da ta sa masana ke nazarinsa, har Jami'ar Kentaki a Amurka take da babbar cibiyar kiwonsa. Amma ɗan da ake ta kai wa cizo yakan lafe a lungu ya daina neman abinci.

Sai bayan ruwa ya daidaita ake komawa kan abincin. Wanda ya ƙyanƙyashe jiya ba ya buƙatar komai, yana rayuwa ne da ragowar gwaiduwar da ke cikinsa na kwana ɗaya zuwa uku. Bayan haka abin da ke motsi kaɗai yake kai wa cafka. Komai kyan garin abinci ko busasshiyar tsutsa, in ba ta motsa ba, zai zauna kusa da ita yunwa ta kashe shi. Abin da ake ba shi shi ne sababbin ƙyanƙyasar jatan landen gishiri, waɗanda ake kira artemiya, ko ƙwarin ruwa na dafniya, sau ɗaya ko biyu a rana. Artemiya a ruwan gishiri ake ƙyanƙyashe ta, saboda haka a tace ta a ɗauraye kafin a zuba. A ruwan daɗi ba ta wuce 'yan awoyi take mutuwa, gawarta kuma ta ɓata ruwan, don haka a zuƙe ragowar da sirinji maras allura. A rage zurfin ruwan robar zuwa 'yan santimita, yadda abincin zai riƙa wucewa ta gaban hancinsa.

Wanda ya fitar da ƙafafun baya ya isa cin tsutsar ruwa baƙa ko ja, daga baya kuma tana da aka yayyanka. Yankan kada ya fi tazarar da ke tsakanin idanunsa. A kama da matsefata mai dakusasshen baki, a girgiza a hankali dab da bakinsa, da yamma in haske ya ragu. In ya cafka ya tofar, ko dai yankan ya yi girma, ko kuma tanar irin jar nan ce ta juji mai fitar da ruwa mai ɗaci. A tsoma ta a ruwan zafi na ɗan daƙiƙu, a sanyaya, a sake gwadawa. Kada a buɗe bakinsa da ƙarfi.

Akwai cuta biyu da ake yawan gani. Ɗaya fumfuna ce, farin abu kamar auduga a geza ko a bakin rauni. In kaɗan ce, ruwa mai sanyi da tsabta sau da yawa ya wadatar. Masu kiwo kuma kan dafa baƙin shayi zalla, ba sukari ba ƙamshi, su bari ya huce, su sirka shi da ruwa har ya yi fatsi-fatsi, su sa dabbar a ciki minti goma zuwa sha biyar a rana. Wankan gishiri yana ƙona fatar ƙanana, bai kamata a yi shi ba tare da shawarar likita ba. Magungunan kifi masu jan ƙarfe a ciki kuwa guba ne gare shi, tunda fatarsa tana zuƙe duk abin da ke cikin ruwa.

Ta biyu toshewar ciki ce. Aksolotul zuƙo abinci yake yi da ƙarfi, tsakuwar da ke ƙasan tanki ta bi. Alamarta kumburin ciki, rashin kashi na kwanaki, da ɗagowar bayansa sama. Ƙananan da ba su kai santimita 15 ba a bar musu ƙasan tanki fili, ko yashi kada a sa. Wanda ke yawo a saman ruwa ya kasa nutsewa, a rage masa ruwa har ƙafafunsa su taɓa ƙasa, bayansa kuma a rufe da ruwa. Wasu na ba da shawarar a sa maras lafiya a firji, amma sanyin digiri 5 zuwa 8 yana kashe sha'awar abinci, abin da ɗan da ya riga ya rame ba zai iya ɗauka ba.

In ruwa ya gyaru, aka kwana uku ƙaramin bai ci ba, ko jikinsa ya kumbura, ko aka ga gyambo da jini a fata, to aikin ya zama na likitan dabbobi wanda ya san kwaɗi da danginsu. A tafi masa da sakamakon awon ruwa da hoton dabbar na kowace rana. Wanda ya farfaɗo kuma ya ci gaba da zama a robarsa har sai ya yi mako yana ci yana kashi, tankin ma an auna shi kwanaki a jere amoniya da naitirait suna sifili, sannan a mayar da shi tare da waɗanda girmansu ya yi daidai da nasa.