Darasi: Kasuwar Kabon Da Abin Da Ya Shafe Mu

Kasuwar kabon ita ce: wanda ya rage hayaƙi mai ɗumama duniya tan ɗaya, sai a ba shi takardar shaida ɗaya, wani kamfani ko wata ƙasa ta saya. Gana ta ƙulla wannan ciniki da Suwizalan a 2020, bisa yarjejeniyar Faris ta 2015.

To, ina ruwanmu? Gyatsar shanu da kashinsu na fid da irin wannan iska. Tarin kashin da ke karar Tulaku, in aka mai da shi gas na girki, yana iya zama haja.

Amma fa a yi hattara. In dillali ya zo Nima ko Alajo da takarda, mu bincike ta kamar ta likitan dabbobi a Paga. Ina lambarta a rajistar ofishin kasuwar kabon na hukumar EPA? Wa ya tantance aikin? An taɓa amfani da ita? Don wadda aka yi amfani da ita saniya ce da aka yanka, ba ta komawa kara. Kada mu ba da kafin alƙalami ko sidi ɗaya sai mun ga lambar.