Tsiron da ke dawowa a fatar kai: cutar daji ce?

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da cewa wanzami ya sha yanke masa wani tsiro a tsakar kai, amma yana sake fitowa, har ya fara tsoron ko cutar daji ce.

To Malam, sau da yawa irin wannan tsiro ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa shi, kuma ba daji ba ne. Dawowar da yake yi ma ba abin mamaki ba ce, domin aska saman kawai take ɗaukewa, ƙwayar tana nan a fata. Hasali ma aska da mataji kan yaɗa ta zuwa wani wurin, ko kan wani mutum. Saboda haka a daina yankan.

A asibiti ana daskarar da shi da ruwan naitirojin, ko a ƙone shi da lantarki, wani lokaci sai an maimaita.

Sai dai dajin fata kan yi shigar tsiro, musamman ga zabiya, da mai sanƙon da rana ke duka, da wanda ke da tsohon tabon ƙuna. In tsiron yana zubar da jini haka kawai, ko ya zama gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba, ko yana girma da sauri, ko kaluluwa ta fito a wuya, kada ka jira. Ko babu waɗannan, tunda naka ya sha dawowa, ka je wurin likitan fata ya ɗebi ɗan yanki a duba a ɗakin gwaji kafin a ƙone shi. Gwajin ne kaɗai ke rabe gardama.